Minti Ɗaya da Sakan Goma Sha Bakwai

Izu, 27 ga Mayu, 2012

Kaka Kinuyo,

Ina gaishe ki daga kan dutse. Da fatan gwiwar nan tana barin ki ki yi barci, kuma Kaka Rokuro yana shan maganin hawan jininsa, ba ya tura shi ƙarƙashin tabarma. Ni lafiya lau nake, cinyoyina ne kawai suka daina gaisawa da ni.

Kin ce in riƙa rubuto miki, to ga shi. Kada ki ɗauka ladabi ne. Ranar da muka iso makarantar tseren keken nan aka karɓe wayoyinmu, aka rage mana gashi har kunnuwana suna jin sanyi. Akwai wayar bango, amma ko na sha layi na samu, na san "Wa ke magana? Ɗaga murya!" za ki yi ta yi har lokacina ya ƙare.

Ƙarfe shida da rabi ake tashinmu. Gudu, shara, karin kumallo, sai keke har yamma. Akwai wani hawa a bayan fagen tsere, kafin ki kai rabinsa kin tuna duk laifin da kika taɓa yi wa iyayenki. Amma ina jin daɗi, Kaka. Shekara arba'in da takwas ba a bar mace ta yi tseren keke na kuɗi da ake ce wa keirin ba, tun da aka rufe naku, yanzu ga shi mun dawo. In na jure har watan Maris na fita da lasisi, da keke zan ci abinci kamar yadda kika ci.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya aka yi mana gwajin farko na mita dubu, na yi minti ɗaya da sakan ashirin da uku. Wadda ta fi kowa ita ce Marina, 'yar Hokkaido, da can tseren kan ƙanƙara take yi. Ita ɗaya da sha takwas ta yi. A wurin cin abinci gardama ta kaure, wai tsakanin matan zamaninku da mu wa ya fi. Marina ta ce, "Haba, ai waɗancan cefane suke zuwa a kan keke." Na ajiye kwanona na ce ƙanwar kakana ta yi ɗaya da sha bakwai a 1960, da keken ƙarfe, kuma lambar tana nan a allo a saman ƙofar shagon gyaran kekenta har yau. Suka kwashe da dariya. Marina ta ce ko dai mitar wancan zamanin ta fi ta yanzu gajarta.

Na ji haushi ba kaɗan ba. Ki rubuto min yadda aka yi a ranar, dalla-dalla, in karanta musu.

Jikarki,
Ikumi

Shodoshima, 10 ga Yuni

Ikumi-chan,

Damina ta sauka a tsibirin nan, kuma gwiwata ta riga masu hasashen yanayi sani. Ban da wannan muna lafiya. Kakanki Rokuro yana gaishe ki, ya ce sharri kika yi masa, sau biyu kacal ya ɓoye maganin.

Na karanta wasiƙarki sau uku, kowane karatu raina na ƙara ɓaci. Cefane! Ki ce wa 'yar ƙanƙarar nan ta zo ga kekena a rataye, in ta iya sauke shi da hannu ɗaya zan ba ta haƙuri. Ku naku kekunan iska ma tana iya sacewa. Ana auna muku abinci a sikeli, ana matsa muku cinya, fagenku santsi kamar faranti. Namu siminti ne duk tsaga, in kika faɗi a nan za ki bar rabin fatarki. Mu kwance keke mu zuba a buhu mu goya, mu shiga jirgin ruwa, mu shiga jirgin ƙasa a tsaye har Kokura, mu yi tsere kwana uku da dunƙulen shinkafa da gishiri. Ba wadda ta taɓa tambayar ina mai matsa cinya.

Akwai Fusae ta Tamano, guntuwa, da kyar ƙafarta ke kai feda. Amma da an kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, bayanta kawai za ki gani. Ta taɓa yin tsere da karaya biyu a haƙarƙari, ta zo ta biyu, ta zauna tana kuka don ba ta zo ta ɗaya ba. A ɗora Fusae a kan keken Marina, sai dai Marina ta tari tasi.

Yanzu zancen ranar. Watan Oktoba ne, da safe, ranar atisaye. Ciwon ciki ya hana mai riƙe mana agogo zuwa, sai malaminmu ya miƙa agogon ga mai gyara mana kekuna, wani dogon saurayi mai kunnuwa fato-fato wanda bai taɓa iya kallon idona ba. Kin san shi, kakanki Rokuro ne, ga shi can yana gyangyaɗi a kujera. Aka ɗaga tuta, na tashi, na zagaya, na tsallake layi. Ya ƙura wa agogo ido. Malam ya leƙa ya ce, "Ɗaya da sha bakwai?" Ya gyaɗa kai. Kafin ranar nan ni ce ta baya a kusan kowane tsere. Bayanta na ci sau sittin da ɗaya kafin a rufe tseren mata.

Yanzu na tashe shi na ce ko yana da abin ƙarawa. Ya ce yana jin kamar ya bar faci a kan wuta, ya fice. Shekara hamsin da biyu, da an taɓo zancen nan sai kunya ta kama shi, sai ka ce shi ya yi gudun.

Don haka ki faɗa musu da bakina: duk yarinyar da aka ba keken zamani ta kasa taɓa abin da na yi da ƙarfe, gara ta koma gida ta taya ubanta taka kwaɓin taliya. Ƙafafun dai ba za su tafi a banza ba.

Na sako miki busasshen kifi. Kada ki ba 'yar ƙanƙara.

Kakarki,
Kinuyo

Izu, 16 ga Satumba

Kaka,

Ina gaisuwa, da fatan guguwar makon jiya ba ta ɗauke muku rufin shago ba. Zafi ya fara sauƙi a nan. Ki yi haƙuri da na daɗe ban amsa ba, na rasa ta inda zan fara ne.

Na karanta musu wasiƙarki, Marina ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce tana son ganinki, kuma rabin kifin ita ta cinye.

Sai dai na yi wauta. Da aka ba mu hutun kwana biyar a Agusta na je gida Takamatsu, don alfahari na karanta wa Baba ita. Yana shagonmu na taliya, a kan kwaɓi yana takawa da ƙafa, hannunsa ɗaya a ƙugu, kin san bayansa ya matsa masa bana. Ya ce, "Sake karanta min wurin nan na ƙarshe." Na sake.

Ya ce, "To, Goggo ma ta faɗa. Ni ban ce kada ki yi keke ba. Amma shagon nan shekararsa sittin, daga kakanki zuwa ni, bayana kuma ya kusa gama aiki. In ke ta gaske ce, ki kai inda Goggo ta kai. In ba ki kai ba, ki dawo tun ina iya tsayawa in koya miki."

Na ce, "Baba, wasa take yi."

Ya ce, "Goggo ba ta wasa da sha bakwai."

Zuciya ta ɗebe ni, na ce na yarda, a gwajin Disamba za a gani. Ya wanke ƙafa, ya ja ni sama gaban hoton marigayi yayanki, ya kunna turare ya ce in maimaita. Na maimaita. In ban yi ɗaya da sha bakwai ranar sha uku ga Disamba ba, zan bar makaranta in koma shago.

Jiya aka yi gwaji na biyu, na yi ɗaya da ashirin da ɗaya. Malaminmu ya ce ci gaba ne mai kyau. Ni kuwa sakan huɗun da suka rage nake gani, kuma ke kin san sakan huɗu ba a tsintar su a hanya.

Ba na ƙin shagonmu, Kaka. Amma in na hau fagen nan na ji taya tana kuka a ƙarƙashina, ba na son komai a duniya sai shi. Ki faɗa min gaskiya, wasa kika yi ko da ni kike?

Ikumi

Shodoshima, 24 ga Satumba

Ikumi-chan,

Rufin yana nan, mu ma muna nan. Sakarya kawai! Da 'yar ƙanƙara nake, wa ya ce ki kai wa Norihiko wasiƙata? Uban naki tun yana yaro in aka yi wasa sai an rubuta masa a takarda cewa wasa ne.

Na sa Rokuro ya kira min shi, na yi ta ihu a waya. Abin da na iya ji shi ne, maganar da aka yi a gaban hoton mahaifinsa ba a janye ta. Taurin kan gidanmu ne, yayana ma haka ya mutu da nasa.

To, an yi an gama. Maganar taliya wasa ce, amma sha bakwai ba wasa ba ce. Na yi ta da ƙafafun nan biyu, jinina kuma yana jikinki, za ki yi. Mako mai zuwa zan haye Tamano wurin Fusae, tana gidan kula da tsofaffi. Ba wadda ta kai ta iya tashi daga tsaye, zan tatso miki sirrin ko da zan saya mata lemo kwando guda. Cikin sati ɗaya za ki ji ni.

Kakanki tun da ya ji alkawarin nan ya rage cin abinci. Ya ce in ce miki kada ki takura wa kanki. Na ce masa shi me ya sani a gudu.

Kakarki,
Kinuyo

Izu, 4 ga Nuwamba

Kaka,

Ina gaishe ku. Ganyen dutsen nan duk ya yi ja, da safe hannu ba ya son riƙe kan keke. Lafiya dai ko? Sati ɗayan da kika ce ya zama shida.

Kullum bayan abincin rana ake raba wasiƙu, kullum ina tsaye a wurin. Na kira shago ranar Lahadi, Kaka Rokuro ya ɗauka. Ya ce, "Tana lafiya, ta fita," alhali ina jin tarinki a bayansa. Kafin in ce wani abu ya ajiye.

Ina ƙoƙari. In kowa ya gama, ni sai in ƙara hawan nan sau biyar. Marina tana raka ni, tana gaba tana zagina har mu kai sama. A atisaye na taɓa ɗaya da ashirin sau biyu.

Amma mun yi faɗa da ita. Ta shiga ɗakin karatu ta tono tsofaffin takardu, ta dawo ta ce, "Ikumi, ba raini ba ne, amma ba macen da na gani ta kusanci lambar nan a zamaninsu. Da irin kekensu da irin simintinsu, ba ta yiwuwa." Na ce kakata ba ta ƙarya. Ta ce ita ba ta ce ƙarya ba. Na ce to me kika ce? Kwana uku ban kula ta ba. Ta ci gaba da raka ni hawan, sai dai ba zagi, abin ya fi ciwo.

Me Fusae ta ce? Ko layi biyu ne ki rubuto.

Ikumi

Izu, 25 ga Nuwamba

Kaka,

Ina fata kuna lafiya. Ni gwiwar hagu ta fara yi min magana, malam ya ce in ban rage ba zai kulle kekena.

Ina jin na gane. Kin ba Fusae lambobina, ta ce miki ba ni da ƙafar, ke kuma kin rasa yadda za ki faɗa min. Ko kuma tun farko ba da Marina kike ba. Ba komai, ba sai kin wahalar da kanki ba. Zan yi iyakar yina ranar sha uku. Na ma fara tuna yadda Baba yake auna gishirin kwaɓi in sanyi ya shigo.

Ki gaishe da Kaka Rokuro.

Ikumi

Shodoshima, 12 ga Disamba

Ikumi-chan,

Sanyi ya kama, an gama tsinkar zaitun. Jikinmu lafiya. Wasiƙunki biyu suna gabana. Wannan ce ta bakwai da na fara rubuta miki, shida suna cikin murhu. Ki nemi wuri ki zauna.

Na je wurin Fusae kamar yadda na ce. A keken guragu take yanzu, amma bakin yana nan. Tana ganina ta ce, "Kinuyo, kin tsufa kin yi muni." Na ce na gode, ke ma haka. Muka ɓare lemo, na ba ta labarinki da alkawarin da kika yi. Sai ta ajiye lemon ta ce, "Wace sha bakwai?" Na ce tawa mana. Ta kalle ni, ta fashe da dariya har ma'aikaciya ta leƙo.

Ta ce, "Ke har yau ba ki sani ba? Dukanmu muna tsaye a bakin fage. An ɗaga tuta, kin tashi, mai kunnuwan nan ya saki baki yana kallonki, agogo a hannu kamar an ba shi ajiyar ƙwai. Sai da kika kusa kwanar farko ya zabura ya danna."

Na ce, "Ƙarya kike, baƙin ciki ne."

Ta ce, "Haka kika ce a 1960 da na faɗa miki a wurin wanka. Daga nan muka ƙyale ki. Malam da ya ji, ya ce kowa ta kama bakinta, yarinyar da ke zuwa ta baya ta fara cin tsere, me za a taɓa? Kuma ni kaina kin ci ni sau tara bayan nan. Wannan ba agogo ne ya yi miki ba."

Ban san yadda na shiga jirgi na iso gida ba. Na tarar da shi yana faci. Na ce, "Rokuro, yaushe ka danna agogon nan?" Ya kai hannu zai kashe na'urar ji da ke kunnensa, na riƙe hannun. Idonsa a kan tayar ya ce, "Ranar kin ɗaure gashinki sama da wani jan ƙyalle. Ban taɓa ganin ƙeyarki ba." Na ce ba ƙeya na tambaye ka ba. Ya ce, "Na so in faɗa. Amma kin yi tsalle kin kama hannuwana biyu kina godiya, ba ki taɓa yi min magana ba sai ranar. Sai na ce gobe zan faɗa."

Gobe, Ikumi! Kuma mutumin nan shi yake hawa tsani ya sabunta fentin allon duk sabuwar shekara.

Kwana goma sha ɗaya ban yi masa magana ba. Wannan laifinsa ke nan, nawa kuwa ya fi. Tun farkon Oktoba na sani, na kasa rubuto miki. Shekara hamsin da biyu, duk wanda ya kawo keke gyara sai ya sha labarin sha bakwai kafin a ba shi kekensa. Ban haihu ba, tseren da na iya aka rufe ina da shekara ashirin da shida, lambar nan ita ce abin da nake da shi. Kullum sai in ce bari dai, wataƙila yarinyar ta kai da kanta, in mutu da abina. Kunya nake ji, tsoro kuma nake ji. Ko da wasiƙarki ta gishiri ta zo na yi kuka, amma sai da na ƙara sati biyu.

Fusae ba ta ce ba ki da ƙafa ba. Da ta ji ashirin da ɗaya cewa ta yi, "Wannan 'yar da ta zo a zamaninmu da mun koma noma."

Ba wanda ya taɓa yin sha bakwai a gidanmu. Kada ki fasa gwiwarki a kan abin da ba a yi ba. Na san gobe ne gwajin. Na kira makarantarku ɗazu, wanda ya ɗauka yana ta magana ban ji ko kalma ɗaya ba, Rokuro kuma na miƙa masa ya kasa buɗe baki. Na biya kuɗin aika ta gaggawa. Ki yafe min.

Kinuyo

Izu, 16 ga Disamba

Kaka,

Yau ba zan tambayi gwiwarki ba, fushi nake. To, yaya gwiwar?

An yi gwaji Alhamis, wasiƙarki ta zo Juma'a. Ɗaya da sha tara na yi. Ban taɓa gudu irinsa ba, ina sauka na nemi bokitin amai. Ni ce ta huɗu a ajinmu. Kowa yana taya ni murna, ni kuwa na je na rubuta takardar barin makaranta, da safiyar Juma'a na kai wa malam. Ya karanta ya ce, "Sha tara kika yi kike tafiya?" Na yi masa bayani. Ya jefa ta a aljihun tebur ya ce tana nan har Juma'a mai zuwa, in ban zo na karɓa ba zai miƙa ta sama. Bayan abincin rana aka raba wasiƙu.

A kan matakala na karanta. Na yi kuka, da na iso wurin jan ƙyalle dariya ta ƙwace min, ina kuka ina dariya har Marina ta ɗauka na zare. Na ba ta haƙuri, na miƙa mata ta karanta. Ta gama ta ce, "Ni dai a samo min mai riƙe agogo irin wannan."

Amma Kaka, wata biyu! Kina ji ina tsayawa a wurin raba wasiƙu kullum. Wannan ya fi lambar yi min ciwo, kuma ban gama hucewa ba.

Yanzu saura Baba. Na kira shi jiya na fara bayani, ya katse ni. Ya ce, "Sha tara ba sha bakwai ba ce. Ke da Goggo kun haɗa baki ne don ta cece ki. Allon nan tun kafin a haife ni yake wurin." Ya ce mutane na jiran abinci, ya ajiye.

Ba zan karɓi takardar nan ba sai shi ya sake ni, a gaban hoto na yi magana. Kwana biyar suka rage.

Ikumi

Shodoshima, 19 ga Disamba

Ikumi-chan,

Gwiwar tana ciwo, na gode da tambaya, kuma ki ci gaba da fushinki har sai kin gaji, na cancanta.

Jiya na sa kakanki ya saka baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, muka shiga jirgin safe zuwa Takamatsu. Da gangan na zaɓi tsakar rana, shago cike, har da masu tsayuwa. Uban naki yana bakin tukunya. Rokuro ya wuce tsakanin tebura, ya durƙusa, ya kafa goshi a ƙasa. Kin san kurma ba ya jin muryarsa, sai ya kama ba da labarin da ƙarfi tun daga ciwon cikin mai agogo. Kowa ya daina zuƙar taliya. Da ya iso wurin ƙyallen, wata mata ta ce, "Wayyo, Baba!" ta dafe ƙirji. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Norihiko ya zagayo da ludayi a hannu ya ce, "Kawu, sakan nawa?"

Rokuro ya ce, "Bakwai. Ko takwas."

Na ce, "Biyar."

Ya ce, "Fusae ta ce goma."

Na ce wa ya sa da kai. Wani direban tasi a teburin ƙofa ya lissafa da yatsu ya ce, "Ko biyar ɗin Mama aka ɗauka, ashirin da biyu ke nan. Yarinyar nawa ta yi?" Na ce sha tara. Ya ce, "To me ake jira? A ƙaro min miya."

Uban naki bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya zauna, abin da ban taɓa ganin ya yi ba in shago a buɗe yake. Ya ce, "Goggo, ina da shekara goma sha shida na tara kuɗi na sayi keken tsere, ban faɗa wa kowa ba. Wata shida ina atisaye, na sa abokina ya auna ni, na yi ɗaya da ashirin. Na ce namijin da bai kai goggonsa ba me zai je nema. Na sayar da keken na hau kwaɓi."

Ban sani ba, Ikumi. Shekara talatin da wani abu ina cin taliyarsa ina ba shi labarin sha bakwai. Na sauko daga kujera da gwiwar nan tawa na durƙusa kusa da Rokuro, sai da mutum biyu suka ɗaga mu daga baya.

Ya hau sama, muka ji ƙamshin turare. Ya daɗe. Da ya sauko idonsa ja, ya ce albasa ce, alhali a sama ba albasa. Ya ɗauki waya a gabanmu ya kira makarantarku, Rokuro da na'urar kunnensa ya ji min abin da aka ce. Malaminki ya ce ba zai yaga takardar ba, ki je da ƙafarki ki karɓa. Zancen kwaɓi kuwa, uban naki zai sayi injin nan da ya shekara goma yana zagi. Ya ce in faɗa miki ki rage hawan, kuma in kin fara tsere a kusa zai rufe shago ya zo, amma kada ki sa rai zai yi ihu.

Ki gaya wa 'yar ƙanƙara har gobe Fusae za ta ci ta, wannan ban janye ba. Ta zo hutu mu yi gardamar a zaune.

Ni kuwa ban san gudun da na yi ba, ba kuma wanda zai taɓa sani. Naki inji ne ya auna, inji kuma ba ya neman aurenki. Kin fi ni gudu, Ikumi. Ban taɓa faɗa wa wata mace haka ba, amma ga shi na rubuta.

Kakarki,
Kinuyo